Bangon da Kaka Ta Ɗinka

Daga Allah muke, kuma gare Shi ake komawa. Kaka ta koma ranar Laraba da hantsi, ana tsakiyar noman farko, bayan jinyar da ba ta wuce kwana huɗu ba.

Kafin la'asar gidanmu ya cika. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta zo daga Utai da takalmanta a hannu, tana kuka tun daga bakin titi, har sai da tsofaffi suka ce ta sassauta, mamaci addu'a yake bukata. Dangin uban Kaka sun zo daga Indabo, tsofaffin mata uku masu irin goshinta. Ranar sadakar uku ta faɗo Juma'a, ranar kasuwa, sai ga wata mata da ba wanda ya sani, ta ce daga Darki take. Ta durƙusa ta yi gaisuwa, sannan ta juya baya ta nuna majanyin da ta ɗaure goyonta da shi, na ƙananan ƙyallaye ja da baƙi. Ta ce a kasuwa Kaka ta gan ta da jariri, zanen goyon ya mutu, ta kira ta ta ba ta wannan, ko sunanta ba ta tambaya ba. Telan da ke bakin kasuwa shi ma ya zo. Ya yi wa Baba gaisuwa, ya ajiye buhun ƙyallayen da ya saba tara mata a bakin ƙofa, ya tafi. Buhun ya kwana biyu a wurin, an rasa mai ɗagawa.

Maƙwabciyarmu mai suyar kifi ba ta yi kuka ba. Ita ce suka shekara talatin suna faɗa da Kaka a kan indararon da ke zubar da ruwa ta gefenta. Ta zauna a bakin rijiya ta miƙe ƙafa, duk wanda ya ce mata ya haƙuri sai ta ce, "Da godiya. To ni yanzu da wa zan yi?"

Ni ina bayan ƙyauren ɗakin Kaka, inda ba a ganina, ina jin su. Kowa ya zo sai ya ce Allah Ya jiƙan baiwar Allah mai haƙuri, mai sanyin hali. Kaka tana da kirki, amma ba ta da sanyin hali, kuma haƙurinta a kan allura ya ƙare. Na ga tun ba a yi bakwai ba an fara goge ta ana mayar da ita kamar kowace tsohuwa. Shi ya sa na ɗauko ragowar littafina na aji shida nake rubuta abin da na gani, tunda ban iya faɗa a cikin mutane ba.

Sunanta aka sa mini. Ita tana kirana Takwara, Baba kuma da ba ya iya faɗin sunan uwarsa yana kirana Uwata.

Kullum akwai allura soke a ɗankwalinta, ta gefen kunnen hagu, da zare a jiki. Ba ta iya ganin yagewa ta bar ta. Wani mai allurar rigakafi ya taɓa shigowa gidanmu da aljihunsa a ɓarke. Ta ce ya tsaya, ya ce yana sauri, ta ce ai shi ma bai tambayi yaran nan ko suna sauri ba kafin ya soke su. A tsaye ta ɗinke masa, yana kallon sama. Goro ɗaya take rabawa huɗu, ta ci kashi ɗaya, sauran na duk wanda ya shigo ne. Rediyon da Baba ya saya mata ba ta yarda da shi ba, ta ce ba ta zama da mai magana wanda ba ya jin amsa. Idan Inna, wato mahaifiyata, ta share guntun ƙyalle za ta zubar, Kaka takan tsince shi ta kakkaɓe ta ce, "Ƙyalle bai san shi ƙarami ba ne sai an yar da shi."

Amma duk wanda yake so ya san Kaka, sai ya san bangon zaurenmu.

Ubanta magini ne a Indabo. Shekarar da za a kawo ta gidan nan amfani bai yi kyau ba, ba shi da abin sayen tasoshi da kwalloli irin waɗanda ake jera wa amarya. Sai ya zo da kansa, ya nemi izinin kakanmu namiji, ya kwana arba'in yana yi wa fuskar zauren ado da hannunsa. Kaka takan ce, "Wasu an kai su da jere, ni an kawo ni da bango."

Idan ka tsaya a titi kana kallonsa, ƙofa tana tsakiya, da baka a kanta, a saman bakan kuma dagi, wannan ƙullin da ba a gane farkonsa. Ta hannun dama akwai matakala ta ado, kusurwa a kan kusurwa, tana hawa tun daga ƙasa har gindin zanko, wato ƙahon da ke tsaye a kan soro. Ta hagu akwai 'yar taga zagayayya da ta huda bangon har ciki, ƙarƙashinta kuma gida cikin gida cikin gida, har biyar. A gefen ƙofar akwai wurin da sawun yatsu huɗu ya fito a laka. Kaka ba ta taɓa wucewa ba ta sa yatsunta a ciki ba.

Da can, duk shekara biyu magina kan zo su yi wa bangon yaɓe, suna bin layin da tsoho ya bari. Da kuɗin man fetur suka shigo ƙasa, sai maginan suka watse, kowa ya tafi Kano ya zama birkila ko lebura. Shekara uku ba a samu mai yaɓe ba. Bangon ya tsage ta wajen zanko. Shi kuma Baba Allah Ya buɗa masa, ya sayi tifa yana ɗibar yashi daga kogi yana kai wa masu gini. Layinmu kowa sai bulo da kwano. Baba ya yi niyyar rushe zauren ya yi sabo da shaguna biyu masu kallon titi, har ya sayi siminti ya jibge.

Baba ɗan fari ne, don haka Kaka ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. Ni ce 'yar aike, ko da yana durƙushe a gabanta. Ranar da ya zo da maganar ina gefe ina tsince shinkafa.

Ya ce, "Iya, zauren nan zai faɗa wa mutum. Jiya sai da ƙasa ta zubo wa liman a rawani."

Kaka ta ce, "Takwara, tambayi mai tifa, ya taɓa jin inda aka shiga ɗakin mace aka farfasa mata jere?"

Na buɗe baki, Baba ya ce, "Na ji, Uwata, huta. Iya, ƙasa ce fa. Zan sa a yi miki wani adon da siminti, a shafa fenti kore."

"Gaya masa ya shafa wa tifarsa."

"Iya, don Allah."

"Gaya masa kayan ɗakina ne. Mace ko sakinta aka yi, ana barin ta ta kwashe kayanta."

Baba ya shafa kansa. "To Iya, yaya ake kwashe bango?"

Kaka ta kai hannu gefen kunnenta. Ta zare allurar daga ɗankwali ta duba tsininta, ta mayar. Sannan ta ce, "Gaya masa ya ba ni rani ɗaya."

Baba ya ce wata huɗu ne iyakar abin da zai iya. Birkilan da ya yi magana da shi zai zo idan zafi ya shigo, kuma birkila a yanzu kamar likita yake, idan layinka ya wuce sai baɗi. Siminti kuwa ba ya jiran damina, in laima ta taɓa shi ya zama dutse. Kaka ta ce in gaya masa ta ji. Ni dai ban gaya wa kowa komai ba a ranar, amma an yi magana an gama.

Washegari Asabar, ba makaranta. Da hantsi ta fito da ni titi, ta sa na ɗauko mata kujera 'yar tsuguno, muka zauna a tsallake muna kallon gidanmu kamar baƙi.

Ta ce, "Launi nawa kika gani?"

Na ce ɗaya, jar ƙasa.

"Malamanku dai suna cin albashin banza. Sake dubawa."

Na sake. Sai na ga inda adon ya taso rana ta haska shi, gefensa kuma ya yi duhu, can cikin lungunan dagi ya fi duhu. Na ce uku. Ta ba ni kashi ɗaya na goro. Ta ce bangon yana canza fuska sau da yawa a wuni, amma na hantsi za ta ɗauka, don da hantsi aka sa ta fara ganinsa, bayan kwanan amarci.

A zane za ta ɗinka bangon, don haka ta sayi yadin akoko, ta jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake shafe bango da ruwansa. Wani akokon ta tsoma sau ɗaya, wani sau biyu, wani sau huɗu, ta samu launukanta uku. Tsakar gida ta kwana biyar tana warin sabon yaɓe. Dagin ne kawai ta ce za a yi da launuka masu ƙyalli. "Da ubana ya samu launi, da ya sa. Rashi ne, ba tsoro ba." Don haka duk Juma'a take zuwa wurin tela da kanta, ta tsuguna a gindin keke tana zaɓen ƙyallaye.

Wannan ya dami Baba. Direbobi a bakin kogi suka fara yi masa ba'a, wai uwar mai tifa tana tsintar tsumma a kasuwa. Ya je Kano ya dawo da turmin shadda fara sol, mai sheƙi, ya ajiye a gabanta, don duniya ta san bai gaza tufatar da uwarsa ba. Kaka ta shafa ta, ta kanga ta a haske, ta ce in gaya masa Allah Ya yi albarka. Bayan kwana biyu ya shigo gaisuwar safe ya tarar da shaddar a kan tabarma, an yanka ta ƙanana ƙanana masu kusurwa uku.

"Shadda fa! Iya, shadda ce!"

"Takwara, gaya masa na sani. Ta yi daidai da kan zanko, inda rana ke fara dukansa."

Inna ta shige madafa da sauri tana tari. Ni na san ba tari ba ne.

Saura yadda za a ɗauko siffar adon daga bango. Kaka ba ta yarda da zanen ido ba, ta ce ido maƙaryaci ne, yana miƙar da abin da ba miƙaƙƙe ba. Ta sa na tattaro takardun buhun siminti daga gidan da ake ginawa a bayanmu, muka kakkaɓe, muka buɗe su. Ana manna takardar a jikin bango, a goga gawayi a kai, sai tudun adon ya fito baƙi. Na ƙasa ta yi da kanta. Na sama kuwa sai an hau tsani, ita ga ƙafa, ga ido da ya fara hazo. Ta dube ni.

Ni ko a aji idan malam ya kira sunana muryata ɓuya take. Ga shi an ce in hau tsani a bakin titi, gaban mai shayi da mutanensa. Na ɗaure zanena a kan wandon makaranta na hau, tsanin yana girgiza.

Wani daga benci ya ce, "Ikon Allah, yau mata ne ke gini?"

Wani ya ce, "'Yar boko ce, za ta rubuta bangon ta kai wa malam ya duba."

Sai na ji tsanin ya daina motsi. Na leƙa ƙasa, maƙwabciya mai kifi ce ta riƙe shi da hannu biyu, ita da ko gaisuwa ba su yi da Kaka ba tun damina. Ta juya ta ce musu, "Ku da kuke maza, tun safe me kuka hau ban da benci?" Aka yi dariya, suka koma kan shayinsu. Ta ce wa Kaka, "Ba don ke na riƙe ba, don yarinya." Kaka ta ce, "Wa ya tambaye ki?" Haka suka yi ta yi har na sauko da takarda ta ƙarshe, kwana uku a jere.

Bangon ya fi ƙarfin zane ɗaya, sai Kaka ta rage shi. Kamu ɗaya a bango, faɗin tafin hannu biyu a zane. Ni na yi wannan aikin, da rula da fensirina, a kan wasu takardun, kuma duk inda layin tsoho ya karkace ta hana ni miƙarwa. Sannan aka yanka takardun gida gida, aka ba kowane lamba. Ta ce in riƙa ɗora takarda a bayan yadi in zana a can, kada gawayi da fensir su ɓata fuskar. Haka na yi. Na kife yadi, na ɗora takarda tana kallona, na zana, na yanka.

Ɗinkin duk ta baya ake yi. Kafin in tafi makaranta nakan zura mata zare a allura goma in soke su a matashi, don ba ta ganin kafar allura. In na dawo sai in tarar duk goman sun ƙare, tana zaune tana jirana da hannu a cinya, ranta a ɓace kamar ni na rage tsawon zaren. Da yatsa take gani. Takan haɗa baki biyu na ƙyalle, ta bi su da babban yatsa, ta soka, ƙanana ƙanana kamar ƙwayar gero. Idan gida ɗaya ya kammala, sai mu gwada bayansa da takarda, mu ga ya yi daidai, a ninke a sa a adaka. Wata uku da rabi muna haka. Yatsanta ya tsage, ta naɗe shi da tsumma ta ci gaba. Wata rana zazzaɓi ya kwantar da ita, ta ce in kawo mata ɗinkin kan gado. Inna ta ce ta huta, ta ce, "Birkila ya ce miki shi ma zai huta?"

Saura kwana shida birkila ya zo muka haɗa layi na ƙarshe. Gwaggo ta zo daga Utai don ta gani. Ita da Inna suka kama gefe gefe suka ɗaga shi kan igiyar shanya, suka juyo fuskarsa. Wannan ne karo na farko da muka gan shi gaba ɗaya ta gaba.

Zaurenmu ne a tsaye a tsakar gida, da hantsinsa a jiki. Bakan ƙofa, da inuwar da ke kwanciya a ƙarƙashinsa, da dagi yana ƙyalli da guntayen atamfar matan garin nan, da shaddar Baba a kan zankwaye kamar rana ta taɓa su yanzu. Har sawun yatsun nan huɗu ta yi, da baƙin zare. Gwaggo ta rangaɗa guɗa. Guɗar ce ta jawo maƙwabciya, ta shigo hannunta duk mai, ta tsaya ta karkata kai.

Ta ce, "Ba laifi. Ya yi kyau, ba zan ɓoye ba." Ta ƙara karkata kai. "Amma matakalar nan ba a dama take ba?"

Na duba. Matakalar tana hagu. Tagar tana dama. Komai yana nan, amma komai ya juya.

Nan take na gane. Da na kife yadi, ya kamata in kife takardar ita ma. Ban kife ba. Duk gidan da muka gwada ta baya ya yi daidai ne don bayan ne ya yi daidai. Wata uku da rabi, allura goma kullum, yatsan da ya tsage, duk a kan kuskurena.

Gwaggo ta ce, "Sai a farke a sake."

Inna ta ce, "A kwana shida? Kuma an riga an yanka, Yaya. Ko an farke ba za su juyu ba."

Baba ya shigo a kan maganar. Ya dubi zanen, ya dubi uwarsa, ya ce a hankali, "Iya, bari in je in roƙi birkilan." Amma yadda ya faɗa, kowa ya san ba za a samu ba.

Ban san inda na samo murya ba. Na ce, "Ni ce, Kaka. Ban kife takardar ba." Sai kuka ya ƙwace mini.

Kaka ba ta dube ni ba. Ta matsa kusa da zanen har hancinta ya kusa taɓawa, ta bi matakalar da yatsa tun daga ƙasa har inda hannunta ya kai. Ta daɗe. Sannan ta ce a kai mata kujerarta ƙofar ɗakinta, inda take zama kullum. Daga nan bayan zauren ake gani, bango fili ba ado, sai ƙofa da 'yar tagar nan. Ta zauna tana kallon bangon, ta juya ta kalli zanen, ta sake kallon bangon.

"Takwara, share hancinki ki zo nan. Daga inda nake, tagar can tana wane hannu?"

Na ce, "Dama."

"A zanen fa?"

"Dama."

"To mene ne ya ɓaci?"

Maƙwabciya ta ce, "Ke dai ba kya son a ce kin yi kuskure."

Kaka ta ce, "Ke kifinki yana ƙonewa." Sannan ta ce, ba da ƙarfi ba, "Shekara hamsin da wani abu ina zaune a bayan bangon nan. Sau nawa na tsaya a titi na kalle shi? Da ƙuruciya ba a fita, da tsufa ba ido. In da bangon zai bar ni in ga adona daga nan, haka zan gan shi. Wancan na masu wucewa ne. Wannan nawa ne."

Ban sani ba ko tun farko haka ta ji, ko kuwa sai da ta nemo maganar don ta rufa mini asiri. Abin da na gani shi ne, ranar ba ta ci goronta ba, kashi huɗun suna nan a faifai har magariba. Washegari kuma ta tashe ni da wuri ta ce in zura allurai, akwai bakin zane da ba a kalmashe ba.

Ranar da birkila ya zo da mutanensa da digoginsu, Baba ya shigo ya durƙusa a gaban Kaka. Kaka ta fita ita kaɗai, ta sa yatsunta a sawun nan, ta ɗan jima, ta dawo. Ta ce, "Takwara, gaya wa mai tifa na kwashe kayana."

Kafin azahar zauren ya zama tudun ƙasa. Ba ta leƙa ba, ba ta kuma toshe kunne ba. Da yamma aka kwashe ƙasar, sai gidanmu ya zama a buɗe, duk wanda ke titi yana ganin har madafa. Baba ya kawo zana aka kakkafa, aka bar wurin shiga, ya ce a rataya buhuna a wurin kafin gini ya tashi. Kaka ta ce ba za a rufe mata gida da buhu ba. Ta sa aka kafa itace biyu, aka ɗaura gora a sama, aka ɗauko zanen.

Gwaggo ta kama za ta juya fuskarsa waje, yadda kowa zai yi.

Kaka ta ce, "Ciki."

"Iya, ko shafi ba a yi masa ba. Mutane za su ga ƙulle-ƙullen zare da bakin ƙyallaye."

"Sun daɗe suna kallon fuska muna kallon ƙeya. Su ɗana."

Haka aka rataya shi, kwana ashirin da biyu, har sabon gini ya kai a sa ƙyaure. Masu wucewa suna tsayawa suna kallon bayan ɗinki, tsofaffi suna nuna wa juna da sanda, don ta wajensu matakalar tana hawa ta inda suka saba ganinta. Mu kuma a ciki, mata suka riƙa shigowa da hantsi, wasu da tsintar wake, wasu hannu sake, su zauna su kalla. Inna ta ce shekararta goma sha biyar a gidan nan, sai yanzu ta san gidajen da ke ƙarƙashin taga biyar ne. Bayan an sauke shi ne Kaka ta yi masa shafi da tsohon saƙinta, ta bi shi da ɗinki layi layi har ya yi kauri. Shi ne aikinta na ƙarshe.

Amma safiyar farko nake so kada in manta. Kaka tana kan kujerarta a ƙofar ɗaki, da faifan goro a gefe. Baba ya shigo ta gefen zanen, zai tafi kogi, makullin tifa a hannunsa. Ya juya don ya gyara inda ya ture, sai ya tsaya. Ya tsaya har na ɗauka ya manta da mu. Na ga ya ɗaga hannu ya kai wajen sawun yatsun nan na baƙin zare, bai taɓa ba, ya sauke. Ya goge fuskarsa da hannun riga, ya ci gaba da tsayuwa a tsakiyar wurin.

Kaka ta leƙa ta dama, ta leƙa ta hagu. Ta ɓantari goro ta ce, "Takwara, gaya wa mai tifa ya matsa. Ya tare mini kayana."

Allah Ya jiƙanta, Ya yafe mata kaifin harshe saboda aikin hannunta, Ya haɗa ta da ubanta a gidan da ba ya tsagewa, ba ya kuma jiran mai yaɓe. Amin.